Yammaci ɗaya a tsohon garin Jidda, daga Bab Makka zuwa bakin teku

Sau uku ina zuwa Umara, amma abin da na sani na Jidda bai wuce filin jirgi da wurin ɗaure kaya ba. A zuwa na huɗu aka ɗaga tashin jirginmu zuwa asuba, sai wani ɗan'uwa da ke zaune can ya ce, "Alhaji, tashi mu je Balad." Balad ita ce tsohuwar unguwar cikin garin Jidda. Tun ranar nake roƙon duk mai shirin tafiya ya ware wa garin nan yammaci ɗaya.

Kada ka fita da tsakar rana. Zafin Jidda mai laima ne, kafin ka yi taku ɗari riga ta jiƙe sharkaf, kuma shaguna da yawa a rufe suke sai bayan la'asar. Ka yi sallah, ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka ce wa mai tasi Bab Makka, wato Ƙofar Makka ta tsohon garin. In daga Makka za ka taso, jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 zai sauke ka a tashar Sulaimaniyya, sai ka ƙarasa da mota.

Ka ɗan tsaya a ƙofar kafin ka shiga. An rushe ganuwar garin a 1947, amma ta wannan gefen alhazai suke fita su nufi Ɗakin Allah tun bayan da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira. Kakanninmu da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya daga Suwakin, a wannan gaɓa suka sauka. Wasu ba su koma ba. Saboda haka in kana ciniki ka ji an amsa maka da Hausa, ka gaisa sosai, ka tambayi asalin gidansu.

Daga nan ka bi kasuwar Alawi. Turaren wuta, carbi, darduma, dabino, habbatus sauda, jallabiya, duk tsarabar da kake nema tana nan, kuma ana tayi, a rage. Shawarata ita ce ka fara zagayawa hannu sake, ka bar saye sai za ka fito. Mai ɗauke da ledoji ba ya ɗaga kai, kuma abin kallon Balad a sama yake.

Gidajen benaye ne, hawa uku, huɗu har biyar, an gina su da dutsen murjani da aka haƙo daga bakin teku, ana gitta katako a jikin bango don ya riƙe ginin. Tagoginsu kuwa, waɗanda ake kira rawashin, katako ne sassaƙaƙƙe da ya turo waje kan lungu: iska tana shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa mai zaure zai gane tunanin maginan nan take. Wasu gidajen an gyara su fes, wasu sun karkata an tokare su. Irin wannan gini na cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya unguwar a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Gidan da ba zan yarda ka wuce ba shi ne Baitu Nasif, wanda aka gama a 1881. Nan Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a 1925. Matattakalarsa mai faɗi ce, marar tsayin taku, ana cewa raƙumi yakan hau da kaya har sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, irin wadda ke ƙofar gidajenmu, kuma an daɗe ana kiran wurin "gida mai bishiya" saboda ƙarancin itatuwa a garin a wancan zamani. Na jima a inuwarta.

Magariba ka yi ta a masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a garin, tafiya ce kaɗan ta lungu. Bayan sallah ka nemi mutabbaƙ mai zafi, wato soyayyar fulawa mai haɗi a ciki, ko ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis, ka kora da shayi.

Sai teku. Tasi zai kai ka gaɓar Alhamra cikin mintuna kaɗan in hanya babu cunkoso. Daga can za ka hangi feshin ruwan Sarki Fahad, wanda aka ƙaddamar a 1985: ruwan teku ne ake harbawa sama fiye da mita 260, fitilu suna haska shi. Iyalai suna shimfiɗa darduma a bakin ruwa, da fulas ɗin shayi da yara suna guje-guje, kai ma ka shimfiɗa taka. In da sauran lokaci, ka yi arewa zuwa masallacin Arrahma da aka kafa kan ginshiƙai cikin ruwa, ka yi isha'i kana jin igiyar ruwa tana dukan ƙarƙashinsa. Daga nan filin jirgi ba nisa, sai dai ka tabbata jakunkunanka suna cikin motar tun kafin ka baro Balad.