Yadda 'ya mace za ta shiga harkar wutar zafin ƙarƙashin ƙasa daga nan Kaduna

Ƙanwata ce ta tare ni jiya wai Yaya, wannan lantarkin da ake samu daga zafin cikin ƙasa mace za ta iya shiga kuwa? Na ce mata ƙwarai, amma ki san ta inda za ki faro.

Ki fara gane abin tukuna. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa zafi na ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30, amma akwai wuraren da zafin ke kusa sosai kamar Olkaria a Kenya, ana haƙa rijiya tururi ya fito ya juya injin, tun 1981 suke samun wuta a haka. Mu nan Najeriya ko tasha ɗaya ba mu da ita, sai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi irin Wikki a Yankari da Ikogosi a Ekiti. Ni a ganina wannan ce damar, tunda ba a riga an raba kujerun ba balle a ce na maza ne.

Kwas kuwa, jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, a ABU Zariya ko injiniyan ma'adinai a Kadpoly, duk hanya ce.

Inda ake barin mata a baya shi ne fita daji. Ranar da aka fita duba duwatsu kar ki yarda a ce ke riƙe jakunkuna ki rubuta sunaye, karɓi guduma da na'urar awo da hannunki ko da za a yi miki dariya, domin gobe in ana neman wanda za a tura kwas wanda ya taɓa aiki za a duba ba mai kyan rubutu ba. Lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki da ake tura ɗalibai, ki nemi masu haƙa burtsatse, aikin ba ɗaya ba ne amma nan za ki koyi karanta ƙasar da ke fitowa daga rami. Kafin ki karɓa ki tambaya ba kunya, akwai banɗakin mata a wajen aikin? Akwai takalmi da rigar kariya daidai ke, ko na ƙato za a ba ki? Hijabi kuma ki ɗinka gajere ki cusa cikin riga, injin mai juyawa ba ya wasa da mayafi.

Su Baba fa, kar ki kai musu maganar da gardama. Nemi wata malama a sashenku ta yi magana da su, sun fi jin ta bakin babba.

Sai ki shiga ƙungiyar WING ta mata masu wannan fanni, an kafa ta a 2013, ki kuma sa ido a kan horon wata 6 da ake bayarwa a ƙasar Aislan (Iceland), amma sai kina aiki a fannin ake duba ki, shi ya sa nake ta nanata miki burtsatsen nan.