Yadda ake rage sabuwar ƙofar ɗaki ta shiga tsohon firam

Yaran da ke koyon aiki a wurina a Agege kusan duk kuskure ɗaya suke yi: su auna firam sau ɗaya, su ja layi, su ɗauko zarto. Alhali tsohon firam a gidajen Legas da wuya ka same shi a miƙe. Gini ya zauna, laimar damina ta kumbura katakon, hunturu ya zo ya tsotse shi, shekara da shekaru.

Kafin komai, idan ka ɗauko ƙofar daga Mushin ko ina ne, ka kwantar da ita a cikin gidan kwana biyu ko uku ta saba da iskar wurin. Kada ka jingina ta da bango, za ta lanƙwashe.

Sai awo. Faɗin firam a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsayi kuma ta hagu da ta dama. Ka bar sarari milimita 3 a gefuna da sama, a ƙasa kuwa milimita 8 zuwa 10 daga kan tayil. Ni na fi yarda da firam fiye da tef. Ina ɗora ƙofar a bakin firam, in tokare ta da guntun katako daga ƙasa, yaro ya riƙe, ni kuma in shiga ciki in bi gefen firam da fensir. Layin da ya fito shi ne gaskiyar ginin.

Inda ake asara shi ne nan. Yawancin ƙofofin cikin gida da ake sayarwa yanzu cikinsu fanko ne, filawud a fuska biyu, katako na gaske a gefuna kawai, wani bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Na taɓa cire santimita 2 duk daga gefe ɗaya a wani gida a Idi-Araba. Ina ɗaure hinjis sai sukuru ya riƙa juyawa bai kama komai ba. Alhaji mai gidan ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gobe zan kawo wata." Daga aljihuna na biya, har da kuɗin Keke. Tun daga ranar sai na ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa na ji inda katakon ya ƙare, sannan in raba abin da zan cire gida biyu, rabi hagu rabi dama. Ka duba kuma gefen da aka sa katakon makulli a ciki, wasu masu ƙira suna sa alama a saman ƙofar. Idan abin da za a cire ya wuce santimita 1 a kowane gefe, ka mayar da ita a canza maka. Ya fi arha.

Gefuna da filen, wato abin fere katako, ake fere su, kaɗan kaɗan, kana gwadawa. Ƙasa kuwa zarto, amma ka fara tsaga layin da wuƙa mai kaifi, in ba haka ba fuskar filawud za ta tsattsage. In za ka gyara sama ko ƙasa da filen, ka fero daga kowane ƙarshe zuwa tsakiya. Gefen makulli ka ɗan karkata ferewar zuwa ɓangaren da ke fara shiga firam, don kada ya riƙa gogawa.

Hinjis ka bi tsoffin gurabun da ke jikin firam, ka sa alama, ka sassaƙa da kurfi, sukuru ɗaiɗai tukuna har ka ga tana rufuwa. Duk inda ka yanka, musamman ƙasa, ka bi da sanfefa ka shafa fenti kafin ka rataya. Ruwan goge tayil ta nan yake shiga.