Yadda na gyara mitar da ke ƙara ohm

Mitata ta dijital ta gwada kayan lantarki tana nuna ohm 4 (ohm shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) idan na haɗa bakin wayoyinta biyu, alhali bai kamata ta wuce 0.5 ba. Batirin 9V na fara canzawa, domin in ya yi sanyi lambobi rawa suke yi. Shiru. Ashe ramukan da ake soka wayoyin ne suka tara ƙura da tsatsa. Na goge su da auduga da sipirit, suka bushe, na ɗan buɗa ƙarfen filogin don ya kama gam. Ta dawo 0.3.

In resista (ɗan ƙaramin abin da ke rage gudun wuta a cikin na'ura) za ka auna, kashe wuta, ka ɗaga ƙafarsa ɗaya daga bod, wato allon da yake manne a kai. Kada yatsunka su taɓa ƙafafun biyu, domin jiki ma yana ɗaukar wuta, sai lambar ta ragu.