Darasi na Tara: Na'urorin Kumbon da Ya Binciki Dutsen Bennu

A sararin samaniya akwai duwatsu masu ɗimbin yawa da ke kewaya rana, daga cikinsu akwai Bennu, wanda faɗinsa ya kai kimanin mita 500. A watan Satumba na 2016 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon OSIRIS-REx domin ya bincike shi, ya kuma ɗebo samfurin ƙasarsa. Kumbon ya isa a Disamba na 2018, kuma da yake babu mahaluki a cikinsa, na'urori ne suka yi dukan aikin.

Akwai kyamarori uku da Jami'ar Arizona ta ƙera: ɗaya ta hangen nesa, ɗaya ta zana taswira, ta ukun kuma ta kallon wurin ɗiban ƙasa. Ƙasar Kanada ta ba da na'urar awon nisa, wadda takan harba hasken leza ya bugi dutsen, sannan ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kamar yadda mutum yake gane nisan tsauni daga jinkirin amsa-kuwwa. Da wannan awo aka san tudu da kwarin Bennu.

Awon zafi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Yashi yakan ɗauki zafi da wuri ya kuma huce da wuri, dutse kuwa yakan daɗe bai huce ba, saboda haka masana sukan gane irin ƙasar wuri daga yadda zafinta yake sauka bayan faɗuwar rana. Awon da aka yi tun daga nesa ya sa an zaci za a tarar da tsakuwa da yashi, sai ga kyamarori sun nuna manyan duwatsu birjik. Daga baya na'urar OTES, mai awon zafi da ke jikin kumbon, ta taimaka aka gano cewa duwatsun cike suke da ƙananan ramuka, shi ya sa ba sa riƙe zafi. Wata na'urar mai rarrabe launin haske ta gano laka mai ɗauke da alamar ruwa.

Ranar 20 ga Oktoba, 2020, kumbon ya miƙa hannunsa mai tsawon fiye da mita 3, ya hura iskar naitirojin, ƙura da tsakuwa suka tashi suka shiga mazubi. Samfurin, mai nauyin giram 121.6, ya sauka a hamadar Yuta da ke Amurka ranar 24 ga Satumba, 2023.

Aikin gida: ku shanya yashi da dutse a rana, bayan magariba ku taɓa kowanne, sannan ku rubuta jimloli uku a kan abin da kuka ji.