Yadda za ku shigar da aikin unguwarku cikin kasafin kuɗi, ku kuma nemi sassaucin harajin gida a Katsina

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar ci-gaban unguwarmu a nan birnin Katsina, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin koke-koken da muke kaiwa ba ƙin su ake yi ba. Ko dai sun makara, ko sun faɗa ofishin da ba shi da hurumi a kansu. Mutane su yi gayya su je sakatariya a watan Maris suna neman kwalbati, alhali an rufe lissafin shekarar tun kafin Janairu. A ba su ruwa su sha, a ce za a duba, shi ke nan.

Ku fara da sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya zayyana abin da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa da titunan cikin unguwa, sa wa layuka suna da lambar gidaje, sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Babban titi, sakandare da babban asibiti kuwa na jiha ne. Ku kuma tabbatar da ƙaramar hukumar da gidanku ya faɗa. Gari ya faɗaɗa, unguwanni da yawa na bakin birni a ƙasar Ɓatagarawa suke, ko da mazaunansu na cewa su 'yan Katsina ne. Takardar da aka kai wa ciyaman ɗin da ba naku ba, a durowa za ta tsufa.

Sai lokaci, kuma a nan ne aka fi yin asara. Shekarar kasafi daga Janairu zuwa Disamba take. Tun tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi ke aika wa ma'aikatu takardar neman su kawo ƙiyasinsu, sannan wajen ƙarshen shekara gwamna ya gabatar da daftarin gaban Majalisar Dokoki kamar yadda sashe na 121 ya tanada. Kwamitocin majalisa su kira kwamishinoni su kare abin da suka nema, a amince, gwamna ya sa hannu. Ke nan watanninku su ne Yuni zuwa Satumba. Dama ce ma, damina ce, ruwa ya nuna wa kowa inda matsalar take. Ku ɗauki hoton layin ranar da ya cika, yara na tattare wando za su makaranta, ku ajiye da kwanan wata. Idan aka kira taron jin ra'ayin jama'a na mazaɓa, kamar yadda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ke yi ta shirin ci-gaban al'umma, kada ku tura wanda zai je ya yi ta godiya. Ku tura mai takarda a hannu.

Takardar kada ta wuce shafi guda, kuma buƙata ɗaya tak. Na san da wuya, don a zaman unguwa kowa da abin da ya dame shi, wannan taransifoma, wancan rijiyar burtsatse, mata na maganar ɗakin haihuwa. Amma takardar da ta jero abu goma ta ba jami'i damar zaɓar mafi arha ya ce ya yi muku aiki. Ku faɗi wurin dalla-dalla: daga bakin masallacin wane zuwa kwanar makarantar wane, tsawon mita kaza. Ku nemi magini ko ɗan unguwa da ya karanta injiniya ya auna, ya fitar da buhun siminti, rodi da tifar yashi nawa za a ci. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, in da hali magaji ya buga hatimi. Kwafi huɗu za ku yi: na kansila, na ciyaman, na ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, na huɗun kuma a buga masa hatimin karɓa ku dawo da shi gida. Wannan na huɗun shi ne hujjarku baɗi.

Game da kansila, mutane sun raina kujerar nan, ni kuwa ina ganin kuskure ne. Majalisar kansiloli ce ke duba ƙiyasin ƙaramar hukuma. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo, kuna da bakin tambayar ciyaman nawa ya shigo da kuma me aka yi da shi. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne, jihohi na ɗaukar 26.72.

Bayan gwamna ya sa hannu, ku nemo kasafin jihar. Tun shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai ƙarfafa wa jihohi gwiwar bayyana harkokin kuɗinsu a fili, da aka fara a 2018, jihohi suka saba ɗora kasafinsu a intanet, tare da rahoton wata uku-uku na abin da aka kashe. Kada adadin da ake faɗa a rediyo ya ruɗe ku. Kasafin jiharmu na 2024 ya haura naira biliyan 450, na 2025 ya doshi biliyan 700, amma wannan alkawari ne a takarda. Ku tsallake sashen albashi da hidimomin yau da kullum, ku je sashen manyan ayyuka, ku sa wani yaro mai waya ya binciko sunan unguwarku ko ƙaramar hukumarku. In kun ga aikinku a ciki, ku rubuta lambarsa da kuɗin da aka ware. In rahoton wata shida ya fito gurbin abin da aka saki babu ko sisi, lokacin komawa wurin ɗan majalisa ya yi, da lambar a hannu. In kuma aka rubuta "gina magudanan ruwa a faɗin jiha" babu sunan wuri, to wanda ya fi naci shi ke samu.

Yanzu haraji. Dattawanmu na tuna 1979, muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, lokacin da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, shi ya sa har yau wasu ke ganin duk takardar biya da ta zo gida zalunci ce. A'a, abubuwa biyu ne daban. Akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takardar mallaka ta gwamna ke biya wa jiha, bisa dokar filaye ta 1978. Akwai kuma harajin gini, wanda Kundin Tsarin Mulki ya bai wa ƙaramar hukuma ikon ƙiyastawa gwargwadon abin da Majalisar Dokoki ta tsara. Da takarda ta zo, duba wa ya aiko ta, shekarar da ake nema, da lambar filin. Na taɓa ganin wata gwauruwa a layinmu an liƙa mata takarda a ƙyaure da kuɗin shaguna uku, alhali shago ɗaya gare ta, shi ma a rufe tun rasuwar maigidan. Lambar maƙwabcinta aka haɗa mata.

Irin wannan ba a gyara shi da faɗa da yaron da ya kawo takarda, shi aiko shi aka yi. Rubuta wa ofishin da ya fitar da ita, cikin ladabi, kana neman a sake ƙiyasi. Faɗi dalili: gidan zama ne ba na haya ba, ko wani sashe ya rushe, ko gadon marayu ne da ba a raba ba. Haɗa hoto, kwafin takardar fili da tsofaffin rasit. In bashin shekaru ya taru, nemi a rarraba maka biya, ka fara ba da wani abu, don mai biyan rabi ya fi mai ɓuya samun sauraro. Filin makaranta ko wani abin amfanin jama'a kuwa, sashe na 17 na dokar filaye ya bai wa gwamna ikon rage kuɗin ƙasa ko yafe shi, sai a rubuta ta hannun hukumar kula da filaye.

Kome ƙanƙantar kuɗin, kada ka miƙa shi hannu da hannu a ƙofar gida. Biya ta banki ko asusun da ke rubuce a jikin takardar, ka karɓi rasit mai sunanka da lambar filinka, ka ɗauki hotonsa a waya, don tawadar rasit ɗin na'ura kan goge cikin 'yan watanni.