Yadda Ɗalibi Zai Nemi Tallafin Gaggawa na Kuɗin Makaranta a Amurka

A Amurka ɗalibi kan kai shekarar ƙarshe, sai bashin 'yan ɗaruruwan daloli ya sa jami'a ta rufe masa rajistar zango na gaba. 'Ya'yan baƙaƙen fata da na 'yan asalin Latin Amurka na cikin waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Ganin haka ne a 2009, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, ƙungiyar United Negro College Fund (UNCF), wadda aka kafa a 1944 don jami'o'in baƙaƙen fata, ta buɗe asusun agajin gaggawa da kamfanoni ke zuba wa kuɗi.

Da farko, kada ka wahalar da kanka da rubuta wa kamfani wasiƙa. Galibi kamfani ba ya damƙa wa ɗalibi kuɗi hannu da hannu. Ƙungiya ko jami'a yake ba, su raba. Ofishin tallafin kuɗi na makarantarku za ka nufa, kuma tun ranar da ka ga gibin. In ka bari aka cire sunanka daga darussa, gyaran ya yi wuya.

Kafin ka je, ka cike fom ɗin FAFSA na wannan shekara, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, domin da shi ake auna buƙatarka. Ka fitar da takardar bashin daga shafinka na makaranta, ka haɗa da shaidar abin da ya faru: takardar sallama daga aiki, ko ta kuɗin asibiti, ko ta mai gida da ke barazanar korarka.

Wajen rubuta bayani ne ɗalibai da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, su cika shafi biyu da tarihin wahala. Mai karantawa abu uku yake nema: nawa ne ya rage, me ya jawo, darussa nawa suka rage maka ka kammala. Ka faɗi adadin daidai, ka nuna abin da za ka iya biya da kanka. Wanda ya kusa kammalawa shi aka fi saurara, tunda kuɗi kaɗan zai kai shi ga digiri.

Sai ka duba ƙungiyar da ta dace da kai. UNCF na aiki da jami'o'in baƙaƙen fata 37 masu zaman kansu, Thurgood Marshall College Fund ta fi karkata ga na gwamnati, akwai kuma Hispanic Scholarship Fund ta 'yan asalin Latin Amurka da American Indian College Fund ta ƙabilun asali na Amurka. Ka karanta sharuɗɗa da kyau, don tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023, wanda ya hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, masu bayarwa da dama sun daina sa launin fata a matsayin sharaɗi.

Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ke karatu da bizar F-1 ba ya cikin masu samun tallafin gwamnatin tarayya ta FAFSA, kuma galibin waɗannan asusu na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. Shi ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai je, ya tambayi asusun gaggawa na jami'ar kanta.

In an amince, yawanci kuɗin kan wuce kai tsaye zuwa asusunka na makaranta. Ka bibiya har ka ga an buɗe maka rajista.