Darasi na Bakwai: Raƙumin Dawa a Ƙasar Nijar

A zamanin kakanni, raƙumin dawa yana kiwo tun daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Cadi, amma farauta da fari da saran itatuwa suka yi ta cin sa, har aka wayi gari a shekarar 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukkansu a kewayen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Gwamnatin Nijar ta tsaurara dokar hana kashe shi, mazauna ƙauyuka kuma suka ba da haɗin kai. Yau yawansu ya haura 600.

Dalilin da ya sa farfaɗowar ta ɗauki shekaru shi ne dabbar ba ta da saurin haihuwa. Akuya tana haihuwa bayan wata 5, sau da yawa ma tagwaye, amma raƙumar dawa sai ta yi kusan wata 15 da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Saboda haka wanda ya harbe mace ɗaya ya yi ɓarnar da ba za a cike gurbinta da wuri ba.

A Kure babu shinge tsakanin mutum da dabba. Da rani raƙuman sukan gangara kwarin Dallol Boso domin cin ganyen gawo, itacen da yake yin ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Idan gawo ya yi ƙaranci, sai su juya kan wake da mangwaro, kuma gaskiya manomin da ya tarar an cinye masa waken da ya shanya yana da hujjar ɓacin rai. Abin yi shi ne a kwashe wake da harawa a adana da zarar sun bushe, a kai ƙara wurin malaman daji maimakon ɗaukar makami, sannan lokacin sassabe a riƙa barin tohon gawo ya girma, kamar yadda manoman Maraɗi suka daɗe suna yi.

A shekarar 2018 an ɗebi raƙuma 8 a mota zuwa dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, don kada annoba guda ta share su a wuri ɗaya.

Aikin aji: Ku rubuta sunayen namun daji uku da iyayenku suka sani a yankinku waɗanda yanzu ba a ganinsu, ku faɗi abin da ya kore su.